Kwangilar Gini Tsakanin Naira Da Sefa: Wace Kasuwa Ce Ke Biya?

Duk wanda ke yawon kasuwannin kan iyaka, daga Gaya da Kamba zuwa Ƙonni da Illela, daga Ɗan Isa da Jibiya zuwa Magarya da Maigatari, har can Mubi da Kusiri, ya san cewa rumfunan kayan gini sun yawaita a 'yan shekarun nan. Wanda a da hatsi yake sayarwa yanzu ya ƙara da siminti, mai atamfa ya sayi tifa yana jigilar yashi da tsakuwa, wani kuma ya tara magina da kafintoci yana karɓar aiki daga hannun manyan 'yan kwangila. Tambayar da ake ta maimaitawa a zauren hira ita ce: ina ne ya fi dacewa mutum ya nemi kwangila, Nijeriya, ko Nijar, ko Kamaru? Kowa da amsarsa, kuma yawanci amsar ta dogara ne ga inda aka fi ganin ƙura na tashi da katafila na aiki.

A ganinmu yawan aiki ba shi ne ma'auni ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ga ɗan kasuwar da jarinsa bai taka kara ya karya ba, abubuwa uku ya kamata ya auna kafin ya fitar da buhu ɗaya na siminti: nawa zai kashe kafin a buɗe masa ƙofa, da wane kuɗi za a biya shi, sannan yaushe kuɗin zai shiga hannunsa. Bari mu ɗora kasuwannin nan a kan wannan sikeli ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da Nijeriya, domin kuwa ko shakka babu ita ce babbar kasuwa. Gwamnatin tarayya na bayar da aiki, jihohi 36 na bayarwa, ƙananan hukumomi 774 na bayarwa, ga kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa: ajujuwa, rijiyoyin burtsatse, ɗakunan shan magani da kwalbatoci. Tun 2007 ƙasar ke da dokar sayayya da bayar da kwangilar gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Wannan doka ta tarayya ce, kowace jiha kuma da tata, shi ya sa abin da ake nema a Dutse ba lallai ya zama daidai da na Katsina ko Sakkwato ba. Mai neman aikin tarayya sai ya yi rijistar kamfani da hukumar CAC, ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, da ta hukumar fansho, da ta ITF, da ta NSITF, da shaidar cewa sunansa na cikin kundin BPP. Kusan duk takardun nan kowace shekara ake sabunta su, ko an samu aiki ko ba a samu ba. Kamfanin da aka yi wa rijista a Maraɗi ko Garwa kuwa ba zai yi harka a can da sunansa na gida ba, sai ya sake rijista a matsayin kamfanin Nijeriya.

A takarda dokar ba ta da laifi. Ta yarda a ba ɗan kwangila kafin alƙalami, wanda a farko bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin cikin gida. Ta kuma ce duk kuɗin da ya haura kwana 60 ba a biya ba bayan an miƙa takardun neman biya, ya zama jinkiri, kuma akwai ƙarin da ya hau kansa. To amma a nan gizo ke saƙa. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba. A 2025 ma 'yan kwangilar cikin gida sun yi zanga-zanga a Abuja, har a ƙofar ma'aikatar kuɗi, suna neman haƙƙin ayyukan da suka gama tun 2024. In wanda sunansa ke kan takardar kwangila sai ya yi zaman dirshan kafin a saurare shi, ina ga mai tifa da ke can Jibiya, wanda gwamnati ba ta ma san da shi ba?

Sai maganar kuɗin kansa. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemo wa kanta farashi. Dalar Amurka da ake canzawa a hukumance a kan Naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A daidai lokacin buhun siminti da ake saye tsakanin Naira 5,000 da 6,000 ya kai 10,000, a wasu garuruwan ma ya wuce. Mu buga misali. Ɗan kasuwa ya ba ɗan kwangila bashin tirela guda, buhu 600, a kan Naira 5,500 kowane buhu. Kuɗinsa ya kama Naira miliyan 3 da dubu 300. In aka biya shi cif bayan wata huɗu, a lokacin da buhu ya kai 10,000, abin da zai iya mayarwa shago buhu 330 ne. Ba a cuce shi da ko sisi ba a lissafi, amma buhu 270 sun bi ruwa. In kuma da sefa ya saro kayan, ko da sefa yake ciyar da gidansa, asarar ta ƙara tsanani wajen canji. Wannan ita ce Nijeriya: aiki ga shi nan birjik, harajin kaya kashi 7.5 ne kawai, masana'antun siminti na kusa, a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, amma jinkiri da faɗuwar Naira na iya cinye riba su haɗa da uwa.

A ɓangaren Nijar da Benin lamarin ya sha bamban. Ƙasashen biyu na cikin ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa, kuma ko da Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, ba ta bar UEMOA ba. Tun 2005 ƙungiyar ta shimfiɗa ƙa'idoji na bai ɗaya kan kwangilar gwamnati, kowace ƙasa ta gina dokarta a kansu. A Nijar hukumar da ke sa ido ita ce wadda aka daɗe da sani da ARMP, wadda yanzu ake kira ARCOP. Mai neman aiki sai ya mallaki rijistar kasuwanci, da lambar haraji ta NIF, da takardar da ke nuna ba a bin sa haraji, da ta asusun CNSS, da kuma takardar amincewa ta ma'aikatar da abin ya shafa, wadda ke nuna ajin da kamfaninsa yake da girman aikin da zai iya nema. Harajin kaya a nan kashi 19 ne, kuma kwangila sai an yi mata rijista an biya kuɗi a ofishin haraji, don haka wanda bai sa waɗannan cikin lissafinsa ba tun wajen rubuta tayi, ya yi wa gwamnati aikin gayya.

Akwai abubuwa a ƙa'idojin UEMOA da ya kamata kowane magini ya haddace. Kafin alƙalami na iya kaiwa kashi 30. Ana iya fifita kamfanin da ke cikin ƙasashen ƙungiyar a kan baƙo da tazarar da ba ta wuce kashi 15 ba, wato ɗan kwangilar Damagaram na da wannan gata a Kwatano, amma na Kano ba shi da shi a Yamai. Wanda ya ci kwangila ba shi da izinin miƙa wa wasu fiye da kashi 40 na aikin, kuma duk wanda zai miƙa wa sai ya kai sunansa hukumar da ta ba da aikin ta amince. A aikin ƙaramar hukuma kuwa, kamfanin da ya yi alkawarin ba 'yan ƙasa aƙalla kashi 30 na aikin yana iya samun ƙarin fifiko har kashi 5. Ma'ana, a wannan tsari ƙaramin ɗan kwangila yana da suna a idon doka, har akwai hanyar da za a biya shi kai tsaye ba sai kuɗin ya bi ta aljihun babba ba. Sai dai a lura, wannan kariya ta wanda aka rubuta sunansa ce a matsayin mai yin wani ɓangare na aikin. Mai sayar da rodi ko kwano a bashi ba ya cikinta.

Babbar fa'idar wannan kasuwa ita ce kuɗinta. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, don haka jika ɗari da aka bi ka bashi bana, jika ɗari ce baɗi, ƙarfinta bai ragu da rabi ba. Amma kasuwar ƙarama ce, kuma tana zuwa ne kamar ruwan bazara. Mun gani a zamanin bikin 18 ga Disamba da ake kewayawa da shi jiha-jiha: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Shekara guda gari ya cika da aiki, bulo ya yi tsada, lebura ya yi wuyar samu, ana watsewa kuma kasuwa ta kwanta, wanda ya ci bashi ya sayi motoci ya shiga neman inda zai sa su. Bugu da ƙari, manyan ayyuka da yawa da kuɗin waje ake yin su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka ƙaƙaba takunkumi, aka toshe asusun gwamnati a babban bankin BCEAO, masu ba da lamuni suka dakata, kamfanin Sin mai gina madatsar Kandaji ya tsayar da aiki a watan Agusta na shekarar. Duk wanda kayansa ke hannun ɗan kwangila a lokacin ya san yadda ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar a tsawon shekarar, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, tsada da jinkiri suka ƙaru.

Akwai kuma hannun hukuma a kan farashi. A watan Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa, gwamnatin Nijar ta rage kuɗin simintin da aka fi gini da shi, ta ƙayyade tan guda a kan jika 55 a Yamai. Magini da mai gida sun ji daɗi, amma ɗan kasuwar da ya cika sito da tsohon farashi shi ya san abin da ya gani. Darasin shi ne, a ƙasar sefa kuɗi ba ya narkewa a hannu, amma sa hannu guda daga sama na iya sauya lissafi cikin dare.

Kamaru na tsaka-tsaki. Tana da hukumar sa ido tun 2001, da ma'aikata sukutum ta kwangilolin gwamnati tun 2011, da sabuwar doka ta 2018. Abin da ya fi burge mu a tsarinta shi ne a farkon kowace shekara ana fitar da jerin ayyukan da aka sa a kasafi, gari-gari, da kuɗin kowane aiki, kuma da yawa daga cikinsu a hannun magadan gari suke. Magini a Marwa ko Garwa na iya sanin tun watan Janairu cewa za a gina aji biyu a ƙauye kaza. Aikin da bai kai sefa miliyan 5 ba da takardar oda kawai ake ba da shi, daga miliyan 5 zuwa 50 akwai tsari mai sauƙi, sama da haka sai cikakkiyar gasa. Wannan iyaka ce ta haifar da abin da mutanen can ke kira huɗu da tara, wato a tsaga aiki gida-gida a kan miliyan 4 da dubu 900 don a kauce wa gasa a ba na gida. Kafin alƙalami a aikin gini kashi 20 ne, harajin kaya kashi 19.25, kuma ana iya riƙe wa mutum har kashi 10 na kuɗinsa sai wa'adin gwajin gini ya cika. Jinkirin biya a can ma tsohuwar cuta ce, domin binciken da gwamnati ta sa aka yi kan basussukan cikin gida na 2000 zuwa 2019 ya tabbatar da fiye da sefa biliyan 600. Kada kuma a manta, sefar Kamaru da Cadi ta bankin BEAC ce. Darajarta ɗaya da tamu a takarda, amma ba a karɓarta a kanti a Maraɗi, kuma ɗan canji sai ya yanki nasa.

Cadi kuwa kasuwar gininta na tafiya ne da farashin man fetur. Lokacin da mai ke da daraja Njamena ta cika da sabbin gine-gine, da ya faɗi a ƙarshen 2014 ayyuka suka tsaya cak, har ƙasar ta haƙura da karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2015. 'Yan'uwanmu na Kusiri da ke tura kaya ta gadar Ngeli ba su manta ba.

Duk da bambancin nan akwai abu ɗaya da ya haɗa kasuwannin. Manyan ayyuka ba a hannunmu suke ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma ya ratso Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba. Shi ne kuma ya gyara filin wasa na Garwa kafin gasar cin kofin Afirka da aka yi a farkon 2022. Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000, kamfanin CNPC na Sin ne ya shimfiɗa shi. Filin jirgin saman Yamai kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta shi kafin taron ƙolin 2019. Ba mu ce laifi ba ne, domin ba mu da injinan da za su yi irin wannan aiki. Amma tsakuwar, da yashin, da jigilar, da abincin ma'aikata, da ginin kwalbati da katanga, wa ke yi? Mutanenmu ne, kuma sau da yawa aikin sai ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso gare su, kowane hannu ya yagi rabonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a ƙananan ayyuka ɗan kasuwa shi ne bankin gaskiya. Ɗan kwangila ya karɓi siminti da rodi da katako a bashi, da alkawarin in an biya shi zai biya. Banki na gaske ba ya ba da ko dala sai da jingina da sa hannu, ɗan kasuwa kuwa yakan bayar da kayan miliyoyi a kan sanayya da kunyar ido. In baitulmali ya yi jinkiri, shi ke ɗauka. In Naira ta faɗi, shi ke ɗauka. In ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya sa a wata harka, shi ke yawon kai ƙara wurin sarkin kasuwa ba tare da ko guntuwar takarda ba.

Za a iya cewa ai wanda ya tsaya neman takarda da sharaɗi, maƙwabcinsa zai karɓe cinikin. Wannan gaskiya ne matuƙar kowa na tafiya shi kaɗai, kuma shi ya sa maganar ta wuce ta mutum ɗaya. In ƙungiyar masu kayan gini ta kasuwa guda ta tsaya a kan cewa ba a ba da kaya sai da rubutu, ɗan kwangila ba shi da wata rumfar da zai koma. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba raini ba ne a ce wa Alhaji ya sa hannu. Rubutun kuwa yana da amfani a kotu. Nijar da Benin da Kamaru da Cadi duk suna ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ta tanadi gajeriyar hanyar samun umarnin biya daga alƙali in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacinsa ya yi. A Kano ma tun 2019 akwai kotun ƙananan basussuka. Duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kafin a karɓi aiki ko a ba da kaya a nemi ganin takardar kwangilar ta asali, a san wace hukuma ta bayar, kuma da kuɗin wa za a biya, na kasafin gwamnati ne ko na masu ba da lamuni. In aikin na Naira ne, a gajarta wa'adi, a raba kayan kashi-kashi, kada kashi na biyu ya fita sai an biya na farko, kuma a rubuta cewa in biya ya wuce lokaci za a sake duba farashi. In aikin na sefa ne, magini ya dage a kai sunansa hukuma tun farko. A tambayi ɗan kwangila ko ya karɓi kafin alƙalami, in ya karɓa to babu dalilin da zai sa a fara masa aiki da bashi zalla. Wanda kuma ke son tsallaka iyaka, ya nemi abokin tarayya ɗan ƙasar mai cikakkun takardu, su rubuta rabon kowa. Mu tuna Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe iyakarta da Nijar daga 2023 zuwa Maris na 2024, saboda haka duk aikin da kayansa sai sun tsallako iyaka yana da haɗarin da ya kamata a sa a farashi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokokin ƙasashen nan sun yarda kamfanoni biyu ko uku su haɗu su miƙa tayi guda. Mai tifa, da mai bulo, da magini mai takardar amincewa, in suka haɗa ƙarfi suna iya neman ginin makaranta da sunansu, maimakon su jira saura daga hannu na huɗu. Ga hukumomi kuma kiranmu shi ne su riƙa raba manyan ayyuka kashi-kashi yadda ƙananan kamfanoni za su iya shiga gasa, su liƙa sanarwa a ofishin magajin gari da kasuwanni su kuma karanta ta da Hausa a rediyo, sannan kada a biya babban ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya kawo shaidar ya sallami na ƙasa da shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Maraɗi da Katsina da Kano, waɗanda suka daɗe suna zama tare kan harkar hanya da kwastan, ya dace su sa wannan batu a teburinsu, har su riƙa musayar sunayen 'yan kwangilar da aka tabbatar sun ci haƙƙin mutane.

To, wace kasuwa ce ta fi? Mai jari mai kauri, wanda zai iya jira kuma kuɗinsa na juyawa da Naira, Nijeriya ta fi masa faɗi. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son ya san abin da zai karɓa, ƙananan ayyukan ƙasar sefa sun fi masa kwanciyar hankali, muddin ya tabbatar kuɗin aikin na ajiye. Wanda kuwa jarinsa duka bai wuce tirela guda ba, ya sayar hannu da hannu ga mai ginin gidansa, ko da ribar kaɗan ce, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana jarinmu.